Daga Bakin Gulbi Zuwa Injin Wanki: Waiwaye Daga Safo

Kafin sabulun kanti ya iso kwarin Maradi, gulbi ne ke yanke wa matan Safo ranar wanki. Gulbin Maradi ba ya gudu shekara duka. Da damina yake gangarowa daga wajen Katsina, ya cika kwari, wani lokaci har ya yi ɓarna, kamar ambaliyar 1945 da ta sa aka tayar da tsohon garin Maradi aka mai da shi kan tudu. Da kaka ta wuce sai ya janye ya bar rairayi. Daga nan sai a tona rairayin da ƙwarya a jira ruwa ya tsattsafo, ko a koma rijiya da guga da igiya. Mutanen bakin tafkin Madarounfa sun fi kowa samun sauƙi, amma su ma ba a banza ba, domin tsayuwa cikin kwantaccen ruwa ita ce ƙofar tsargiya.

Sabulun ma a gida ake yin sa. A ƙona kara, a tara toka, a zuba cikin tukunya mai huda a gindi, a kwarara ruwa a kai ya riƙa ɗiga a hankali. Ruwan tokar nan mai kaifi shi ake dafawa da mai ko kitse har ya yi kauri ya yi baƙi, sannan a dunƙula. Wadda ba ta da shi ta sassaƙo ɓawon aduwa ta daka, ta sami kumfa. Kayan ma ba yawa gare su ba, saƙi ne mai kauri, galibi rinanne da baba, wanda ba ya son yawan cuɗa. Babbar riga kuwa wurin masu bugu ake kai ta, su shimfiɗa a kan gungume su yi ta dukanta da guduma ta itace har ta yi sheƙi. Har gobe ana wannan sana'a a Kano, kusa da marinar Ƙofar Mata.

Matafiya na da nasu tsarin. Fataken da ke bin hanyar Gwanja su ɗauko goro suna wata da watanni a hanya, kuma wanki sai an sauka a zango mai ruwa. A wanke riga, a ɗora a kan reshe, kafin jakuna su gama kiwo ta bushe. Magadansu su ne yaran manyan motocin da ke jiran duwan a hanyar Dan Issa zuwa Jibiya: bokiti ɗaya, ledar garin sabulu, sai shanya a jikin bodi.

Sauyi na farko ta kasuwa ya shigo. Kamfanin Lever Brothers ya kafa reshensa na yin sabulu a Legas a 1923, Omo ya shiga kasuwar Najeriya a 1960, ya yi karɓuwar da har yau kowane garin sabulu Omo ake ce masa. Daga Yamai kuma sabulun Lavibel ya bazu cikin Nijar. Da atamfa da shadda suka yawaita, wanki ya ƙaru, sai sana'ar wanki da guga ta kafu a birane. Duk wanda ya taɓa tsayawa kan mai guga ya san aikin: ya cika dutsen guga da gawayi, ya hura har ya yi ja, ya rufe murfi, ya goga a kan tsumma don ya ji zafin, ya yayyafa ruwa da yatsu, sannan ya hau kan shaddar da ta sha sitaci. Ƙwayar wuta ɗaya ta faɗo ta hujin gefe, an yi asarar rigar sallah.

A daidai waɗannan shekaru, Amurka ta bi wata hanya dabam. Wajen 1908 aka fara sayar da injin wanki mai lantarki mai suna Thor a Chicago. A 1937 kamfanin Bendix ya fito da wanda ke wankewa, ya ɗauraye, ya matse da kansa. Na'urar busarwa ta Hamilton ta biyo baya a 1938, domin a ƙasar da sanyi ke daskarar da riga a kan igiya, shanya ma matsala ce. A 1953 Bendix ya haɗa su biyun cikin akwati ɗaya ya kira shi Duomatic. Bai kori injin wanki da na busarwa na dabam-dabam daga manyan gidajen Amurka ba, amma ya sami mazauni inda wuri ya yi ƙaranci: ƙananan ɗakunan Turai da Japan, jiragen ruwa, da motocin tafi-da-gidanka masu gado da madafa da banɗaki, irin na Airstream da suka fara tun shekarun 1930 da na Winnebago da suka fito a 1966. Dattawan ƙasar nan sun ga 'yan uwan waɗannan motoci a shekarun 1970 da 1980, lokacin da Turawa 'yan yawon buɗe ido ke ƙetaro hamada ta Tamanrasset da Agadez su gangaro kudu.

A cikin irin wannan mota ne halin injin ke fitowa fili, kuma nan ne labarin ya shafe mu. Mai motar yana da tanki ɗaya na ruwa mai kyau, da wani na ruwan datti, duk a aune. Wanki ɗaya na shan lita 30 zuwa 60, wato jarka biyu ko uku, kuma duk abin da ya shiga sai ya fito ya cika tankin datti. Busarwar kashi biyu ce. Akwai mai bututu, wanda sai an huda jikin mota don iska mai laima ta fita. Akwai marar bututu, wanda ke ɗumama iska ya bi da ita ta cikin kaya, sannan ya sanyaya ta da ruwan famfo don laimar ta koma ruwa ta zube. Ma'ana, da ruwa yake busar da kaya. Ga shi gangar ba ta iya busar da duk abin da ta wanke, sai an rage kayan, in ba haka ba su fito a yamutse da danshi. Wanki da busarwa kan kai awa uku ko fiye, ana jan wuta sama da wat 1,000, motar kuma sai an daidaita ta a ƙasa saboda girgizar matsa. Shi ya sa yawancin masu shi ba sa kunna shi sai sun sauka a sansanin da ke da famfo da magudana da layin wuta. Su ma sai zango mai ruwa ke nan.

To, ina Safo a nan? Ƙaramar hukuma ce mai mutum sama da 70,000 a ƙidayar 2012, galibinsu a ƙauyuka, cikin ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne ke da lantarki. Wutar Maradi da Damagaram daga Najeriya take zuwa ta layin Katsina zuwa Gazaoua, kuma kowa ya ga abin da ya faru da aka yanke ta a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. Sai a 2024 aka maido da ita. Injin da ke buƙatar awa uku na wuta ba yankewa da famfo mai ƙarfi ba don wannan wuri aka ƙera shi ba. Busarwa kuwa, rana ta daɗe da ɗauke mana ita kyauta. Ban manta da marka ba, lokacin da kaya ke kwana biyu a igiya suna tsami, ko ƙurar hunturu da ke mai da farar riga ja, amma rumfar kwano da igiya a inuwa sun isa maganin waɗannan.

Wanda ya dace da mu shi ne injin nan mai baho biyu da ake samu a kasuwannin Maradi da Kano: ana cika shi da bokiti, ƙaramin janareto ko faranti mai zuƙar hasken rana na ɗaukar sa, ruwan da aka ɗauraye fararen kaya a sake wanke masu launi da shi. Ina son ganin sa a Safo, domin na san abin da wankin gida mai mutum goma sha biyar ke yi wa hannuwa da bayan mace, da kuma yarinyar da ke fashin makaranta don jigilar jarka. Sai dai shi ma ba ya ɗebo ruwa. Ina kira ga majalisar Safo da ƙungiyoyin mata da 'yan asalin garin da ke fatauci a waje: a fara da rijiyar burtsatse mai aiki da rana da tanki a sama, a gina dakalin wanki mai magudana a gefenta, a sa inji biyu ko uku a hannun ƙungiyar mata, kowa ya biya ɗan abin da zai riƙe gyara.