Masu Ƙidayar Ƙwari a Bakin Rafi: Daga Gadau da Anchau Zuwa Fadamun Daura

Duk wanda ya tashi a ƙasar Daura kafin fitilun lantarki da na sola su game ƙauyuka ya san abin da ke faruwa a bakin fadama idan damina ta yi nisa. Bayan sallar isha'i, ƙasa ta ƙoshi da ruwa, kwaɗi suna ta kuka, sai ka ga wani ɗan haske ya taso daga cikin ciyawa, ya ƙyalla ya ɗauke, can gaba kuma wani ya amsa masa. Maƙesu ke nan. Muna yara mukan kama shi mu dunƙule a tafin hannu, mu riƙa leƙensa ta tsakanin yatsu.

Na sha jin tsararrakina suna cewa maƙesu ya yi ƙaranci a yanzu, ni ma kuma haka zuciyata ke raya mini. Sai dai abin da mutum ya tuna daga ƙuruciya ba ya zama hujja a gaban mai tsara manufa. Kafin a ce wata halitta ta ragu, dole wani ya taɓa ƙirga ta a wuri ɗaya, da hanya ɗaya, shekara da shekaru. Arewa tana da tarihin irin wannan ƙidaya a bakin rafuka, kuma tarihi ne mai tsawo. Amma ƙwaron da aka ƙirga shi ne wanda ke kisa, wato ƙudan tsando.

Ƙudan da ya sa aka kafa ma'aikata

Daura tana arewa da yankin ƙudan tsando, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa dawaki da shanu ke jin daɗin ƙasarta. Duk da haka fataken shanu sun san shi farin sani. Wanda ya kora garke daga kasuwannin kan iyaka irin su Mai'adua ya nufi kudu da ƙafa, ya san akwai dazuzzuka da rafukan da idan shanu suka ratsa sai sammore ya kama su, su rame, wasu su faɗi kafin a kai kasuwa.

A 1895 wani likitan sojan Ingila, David Bruce, ya nuna a ƙasar Zulu cewa ƙudan tsando ne ke ɗaukar ƙwayar wannan cuta daga dabba zuwa dabba. A 1903 kuma aka tabbatar a Uganda cewa dangin ƙwayar ne ke haddasa ciwon barci ga mutane. A Najeriya, gwamnatin mulkin mallaka ta fara binciken ƙudan gadan-gadan a shekarun 1920, ƙarƙashin W. B. Johnson da Llewellyn Lloyd, waɗanda suka kafa sansani a Sherifuri cikin ƙasar Katagum. Daga baya aikin ya koma Gadau, inda wani masanin ƙwari mai suna T. A. M. Nash ya iso a 1933.

Lokacin ya zo daidai da annoba. A shekarun 1930 ciwon barci ya bazu a lardunan Arewa, musamman Zazzau da kudancin Kano da Katsina da yankin Filato. Ma'aikatar yaƙi da cutar, wadda Dokta H. M. O. Lester ya jagoranta, ta riƙa tura ayari ƙauye-ƙauye ana tara jama'a, ana lalube wuyansu don neman kaluluwa, ana duba jini a madubin likita. A cikin shekara goma an duba miliyoyin mutane, an sami masu cutar dubban ɗaruruwa. Magani kaɗai bai isa ba, domin wanda aka warkar yau gobe zai koma rafin da aka cije shi, ko don ɗibar ruwa ko don wanki.

Yadda ake ƙirga ƙuda

Hanyar ƙidayar mai sauƙi ce, wahalarta tana wajen dagewa. Akan fitar da hanya guda a bakin rafi, a kasa ta kashi-kashi da alamu a jikin itatuwa. Ma'aikata, galibinsu samarin yankin ne da Turawa ke kira yaran ƙuda, su ne ke bin hanyar a ranakun da aka tsayar, da 'yan ragogi a hannu. Duk ƙudan da ya sauka a kansu sai su kama, a duba namiji ne ko mace, a rubuta kashin da aka kama shi da yanayin ranar. Wani lokaci akan ɗiga masa fenti a baya a sake shi, don a ga inda za a sake kama shi. Rahotannin da suka fita suna ɗauke da sunayen Turawan, amma jikin waɗannan samari ne tarkon, kuma ƙafafunsu ne suka samar da alƙaluman.

Sashe na biyu na aikin ya fi wannan muhimmanci, wato neman 'ya'yan ƙudan. Ƙudan tsando ba ya zuba ƙwai barkatai kamar sauro. Macen tana renon tsutsa ɗaya tak a cikinta, ta haife ta bayan kwana tara zuwa goma, a wuri mai inuwa da ƙasa mai laushi. Nan take tsutsar ke nutsewa cikin ƙasa, fatarta ta taurare ta zama ɓawo, ta kwanta kimanin wata guda kafin ta fito ƙuda. Saboda haka ma'aikatan kan durƙusa ƙarƙashin sarƙaƙiya da faɗaɗɗun itatuwa, suna tona da rairaye ƙasa, suna tara waɗannan 'yan ɓawo.

Daga wannan aiki aka fahimci rauninsa. Nau'o'in da ke yaɗa ciwon barci a Arewa, waɗanda masana ke kira Glossina tachinoides da Glossina palpalis, ba sa jure zafi da bushewar bazara. Idan rani ya tsananta sai su tattara a 'yar siririyar duhuwar da ke bin rafi, can ne suke samun sanyi da laima, can ne kuma 'ya'yansu ke kwance. Binciken Nash ya nuna ba sai an share daji duka ba. Idan aka sare ƙananan itatuwa da sarƙaƙiyar bakin ruwa, aka bar dogayen bishiyoyi, iska mai zafi za ta ratsa, ƙudan ya rasa mafaka.

Anchau da Takalafiya

An gwada wannan ilmi a babban sikeli a gundumar Anchau ta ƙasar Zazzau, wadda a yau take cikin Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. Binciken da aka yi a can a tsakiyar shekarun 1930 ya nuna kusan mutum ɗaya cikin uku yana ɗauke da cutar. A 1937, shekarar da Malam Ja'afaru ya hau sarautar Zazzau, aka fara shirin. An ware wani zirin ƙasa mai tsawon kimanin mil 70 da faɗin kimanin mil 10, aka share bakin rafuka na ɗaruruwan mil, aka taso da mutane wajen dubu biyar daga 'yan ƙauyukan da ke warwatse aka tsugunar da su a sababbin matsugunai. Dalilin tashin shi ne, sharar bakin rafi aiki ne na kowace shekara, kuma sai da yawan hannaye ake iya riƙe shi. An gina rijiyoyi na siminti don mata su daina zuwa rafi, aka kuma yanka sabon gari mai faffaɗan tituna kusa da tsohon Anchau, aka sa masa suna Takalafiya.

Shirin ya rage cutar ƙwarai, kuma Nash ya wallafa rahotonsa a 1948. Amma ba da shawarar talakawa aka yi shi ba. An raba mutane da gonakin gado da kushewun iyayensu, kuma sharar shekara-shekara ta zama aikin dole da hakimai da dagatai ke tattara mutane a kansa. A wannan zamanin ne kuma aka kafa cibiyar binciken cutar ta Afirka ta Yamma a Kaduna da Vom, wadda ta koma ta Najeriya a 1964, kuma tana nan har gobe.

Daga tsakiyar shekarun 1950 sai feshi ya karɓi aikin gatari. An bi kogunan arewa maso gabas da maganin DDT da dieldrin, ana fesa wuraren da ƙudan ke hutawa, waɗanda ƙidayar baya ta riga ta tona asirinsu. Zuwa ƙarshen shekarun 1970 an raba kimanin murabba'in kilomita 200,000 da ƙudan tsando, makiyaya da manoma suka shiga. Ribar a fili take, amma abin da ya ci doma ba ya barin awai. A 1971 wani masani ɗan ƙasar Holan, J. H. Koeman, da abokan aikinsa suka wallafa binciken da ya nuna yadda feshin ya kashe tsuntsaye da wasu halittu a wata fadama ta Arewa da aka fesa. Bayan feshi kuma, yawaitar jama'a da noma da saran itace sun ci gaba da cinye duhuwar bakin rafuka ba tare da umarnin kowa ba.

Ilmi ɗaya, manufa dabam

A can kudu maso gabashin Asiya an yi wata ƙidayar a bakin koguna, wadda hanyarta ta yi kama da tamu, amma don a ceci ƙwaron. A bakin kogunan da ruwan teku ke shiga yana fita, akwai wani irin kurmi da ke tsirowa cikin taɓo mai gishiri, irin wanda muke da shi jingim a yankin Neja Delta. A can Tailan da Malesiya, dubban maƙesai kan taru a kan bishiya ɗaya suna ƙyallawa tare, kamar da umarni. Wani likita Bajamushe, Engelbert Kaempfer, ya ga haka a kogin Bangkok a 1690 ya rubuta. Masana da dama sun daɗe suna musun labarin, har wani ya rubuta a mujallar Science a 1917 cewa ƙiftawar idon mai kallo ce kawai. Sai a tsakiyar shekarun 1960 John Buck da matarsa Elisabeth suka je Tailan da na'urorin auna haske, suka tabbatar da cewa gaskiya ne.

A Malesiya, ƙauyen Kampung Kuantan da ke bakin Kogin Selangor ya mayar da kallon maƙesu sana'a, ana ɗaukar baƙi a kwalekwale da dare. Da aka fara fargabar raguwarsa, cibiyar binciken gandun daji ta ƙasar ta shiga ƙidaya daga 2006, tana ɗaukar hoton bishiyoyi guda daga wuri guda kowane wata, ana ƙirga ɗigon hasken. Masu binciken sun kuma sauka cikin taɓo neman tsutsotsi, suka tarar da abin da ma'aikatan Gadau suka riga suka sani game da nasu ƙwaron. Maƙesun da ake gani a sama 'yan makonni kawai yake yi a duniya. Mafi yawan rayuwarsa watanni ne da yake yi yana tsutsa a jiƙaƙƙiyar ƙasar bakin ruwa, yana cin ƙananan dodon koɗi. Idan aka share gaɓar kogin don gonar kwakwar manja ko tafkin kiwon jatan lande, ko da an bar bishiyoyin da yake taruwa a kai, zuriyar ta yanke. Wannan ne ya sa gwamnatin Selangor ta keɓe gaɓar kogin a 2009. A 2020 wani nazari da Sara Lewis ta jagoranta ya tattara ra'ayin masana daga sassan duniya, suka jera manyan barazanoni ga nau'o'in maƙesu sama da 2,000: rasa matsuguni, hasken fitilu da ke hana namiji da mace ganin saƙon juna, da magungunan ƙwari.

Komawa gida

Dukkan ukun suna nan a fadamun Daura. Noman rani ya kai har bakin ruwa, feshin ciyawa da na ƙwari ya zama ruwan dare, fitilun sola kuma suna ci har asuba. Babu mai hankalin da zai ce a koma duhu ko a bar gona, kamar yadda babu wanda zai yi kewar ciwon barci, wanda tun 2018 masu kamuwa da shi da ake samu a duniya duka ba sa kai dubu a shekara. Abin lura shi ne, tsutsar maƙesu tana buƙatar abin da rijiya da lambu ke buƙata, wato ƙasa mai riƙe laima da ruwan da ba shi da guba. Ɓacewarsa daga fadama labari ne game da fadamar kanta, kuma a masarautar da tarihinta ya faro daga bakin rijiyar Kusugu, labarin ruwa ba ƙaramin labari ba ne.

Ƙudan tsando ya sami ma'aikata da kasafi da rahotanni saboda yana kisa, shi ya sa a yau za a iya faɗin inda yake a 1935 da inda ya bari a 1975. Hanyar da aka bi a kansa ba ta buƙatar kuɗi mai yawa. Malamin kimiyya a wata sakandare a Zango ko Sandamu, ko ɗaliban Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Daura, za su iya zaɓar hanya mai tsawon taku ɗari biyar a gefen madatsar ruwa ta Sabke ko ta Daberam. Su bi ta sau ɗaya a mako daga Yuli zuwa Oktoba, a sa'a guda bayan magariba, su rubuta hasken da suka ƙirga, da ranar da aka yi ruwa, da ranar da aka yi feshi a gonakin kusa. Da safe su ɗaga ruɓaɓɓen ganye a bakin ruwa su duba tsutsa da dodon koɗi. Shekarar farko littafin ba zai ce komai ba. A shekara ta goma, idan an riƙe shi, zai iya raba gardamar da ni da tsararrakina muke yi a bakin ƙofa, kuma wannan karon a rubuta sunayen yaran da suka yi tafiyar a shafin farko.