Daga Magarya zuwa Apapa: tarihin masu ɗaukar buhu

Ƴan uwa ɗalibai, idan aka ce ma'aikacin tashar jiragen ruwa, mu ƴan Magarya da Dungas sai mu ce ina ruwanmu, tunda ko kogin kirki ba mu da shi balle teku. Ni kuwa ina ganin da ruwanmu, kuma gyaɗa ce shaidata.

A 1912 jirgin ƙasa ya soma jigila tsakanin Kano da Ikko. Daga nan noman gyaɗa ya bunƙasa har ya ƙetaro iyaka, kudancin Damagaram ya zama rumbun gyaɗar Nijar. Buhun da aka cika a Magarya, raƙumi ko mota ke kai shi Kano, a jera shi cikin dalar gyaɗa, jirgin ƙasa ya kai shi Apapa, a loda shi jirgin ruwa. A kowane zango, wuyan mutum ne ke ɗaukarsa. A shekarun 1950 Faransawa suka buɗe wata hanya ta Faraku zuwa Kwatano don rage dogaro da ƙasar Ingilishi, a 1962 kuma aka kafa SONARA ta riƙe cinikin. Hanya ta sauya, mai saye ya sauya, ɗan dako yana nan.

Da yake harshe nake karanta, bari in nuna muku abin da kalmomi suka adana. Lebura, lodi, sikeli, kwangila, kamasho, helima, duk aro ne daga Turanci, akawu kuwa daga Yarbanci, kuma jerin matsayi ne: ɗan kwangila ya karɓi aiki, helima ya zaɓi waɗanda za su yi shi yau, akawu ya rubuta, mai sikeli ya auna, lebura ya ɗauka. Dako kuwa tamu ce, kuma tana da ma'ana ta biyu, wato jira, kamar a ce ina dakonka. To ai rabin aikin ke nan. Mutum ya wuni yana jiran mota, ba wanda ke biyan sa kuɗin jiran. A bakin teku ma haka aka daɗe ana yi: a taru da safe bakin ƙofa, a ɗebi wasu, sauran su koma gida.

Bambancin shi ne na bakin teku sun gano cewa in suka naɗe hannu, ƙasa duka ta tsaya. A Yunin 1945 ma'aikatan Najeriya suka shiga yajin aikin gama-gari kan tsadar rayuwa, na jirgin ƙasa da na tashar ruwa na ciki, Michael Imoudu a gaba. Sun yi fiye da kwana 40, daga baya gwamnatin Ingila ta ƙara musu alawus. A ɓangarenmu, dokar 11 ga Afrilu 1946 ta soke aikin tilas. Ranar 3 ga Nuwamba 1952 aka yi yajin gama-gari a ƙasashen Afirka ta Yamma na Faransa, ranar 15 ga Disamba aka sa hannu kan dokar ƙwadago da ta ƙayyade awoyin aiki 40 a mako. Djibo Bakary ta aikin ƙungiyar ƙwadago ya yi suna, kuma Sawaba ta samu ƙarfi wurin direbobi, yaran mota da leburori kafin a haramta ta a 1959. Amma waccan doka mai albashi ta fi karewa. Wanda ake biya buhu-buhu, da baki aka yi cinikinsa, da baki ake warware shi.

Daga baya abu biyu suka faɗa wa sana'ar. A nan, farin 1973 zuwa 1974 da cutar gyaɗa ta 1975 suka karya noman. A can, kwantena, wadda aka fara gwadawa a Amurka a 1956, ta sa na'ura ɗaya ta yi aikin mutane da yawa. Rigima ta tashi daga nawa za a biya, ta koma wa ke da ikon yin wane aiki, kuma wa ya ɗauke shi: hukumar tasha, kamfani, ko ɗan kwangila? Da Najeriya ta ba ƴan kasuwa hayar tashoshinta a 2006, tambayar ta ƙara zafi.

Yanzu fa tasha ce ke tahowa wurinmu. An buɗe tashar tudu ta Dala a Kano, ana shimfiɗa layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura. Masu loda wake, riɗi da dabbobi a Magarya ko Maigatari, yayyenmu ne da iyayenmu. In buhu ya karya wa mutum baya, wa ke biyan magani? Ranar da na'ura ta iso, wa za a koya wa tuƙa ta?

Mu da muka iya alƙalami, ga aiki. Mu je tasha ran kasuwa, mu tambayi tsofaffin ƴan dako nawa ake biyan buhu zamanin SONARA, wa ke yanke farashi, yaya ake sasantawa in an saɓa. Mu rubuta da Hausa tun suna da rai.