Yadda Linux ta koyi magana, da lokutan da ta yi shiru

A shekarar 2012 gwamnatin tarayya ta fara raba tallafin takin zamani ta wayar salula. Manomin da ya yi rajista a Matazu, ko Musawa, ko Malumfashi, sai ya jira saƙo ya shigo wayarsa, ya kai cibiyar rabo ya nuna, a ba shi buhu biyu a kan rabin farashi. Ga magidancin da yanar ido ko hawan jinin ido ya raba shi da gani, saƙon yakan iso, amma sai ya nemi wanda zai karanta masa. A farkon 2023, da takardun naira suka yi ƙaranci, ciniki ya koma tura kuɗi ta waya, lamarin ya ƙara tsanani, domin wanda ke karanta wa mutum saƙon banki ya san abin da ke asusunsa, wanda ke danna masa lambar sirri kuwa ya riƙe makullin rumbunsa.

Akasarin wayoyin shafa na Tecno da Infinix da Itel da ke hannun jama'a a wannan yanki suna ɗauke da wata manhaja mai suna TalkBack, wadda ke furta duk abin da yatsa ya taɓa a fuskar waya. Waɗannan wayoyi suna aiki ne da Android, ita kuma an gina ta a kan Linux, buɗaɗɗiyar babbar manhajar da Linus Torvalds ya fara rubutawa a Helsinki a 1991, wadda kowa ke da damar duba cikinta ya gyara. Muryar tana da tarihi na shekara talatin, kuma cikinsa akwai lokutan da ta ɗauke ɗif ba tare da masu gani sun lura ba.

Zamanin baƙin allo

A farkon al'amari aikin bai yi wuya ba. Allon Linux na shekarun 1990 haruffa ne zalla, layi bayan layi, don haka duk manhajar da ta iya ɗebo haruffan za ta iya miƙa su ga na'urar furuci ko ta rubutun makafi na Braille. A 1995 aka fara BRLTTY, mai haɗa Linux da na'urar Braille. A shekarar ce kuma T. V. Raman, ɗan Indiya da hawan jinin ido ya makantar da shi yana ɗan shekara 14, wanda ya yi digirin digirgir a Jami'ar Cornell ta Amurka, ya fitar da Emacspeak. Daga baya Kirk Reiser, wani makaho a Kanada, ya jagoranci rubuta Speakup, wadda ke magana tun daga lokacin da aka kunna kwamfuta. Abin lura shi ne, makafi ne da kansu suka rubuta mafi yawan waɗannan kayan aiki, saboda ƙofar a buɗe take. Takwararsu ta kasuwa a Windows, wato JAWS, farashinta ya kai wajen dala dubu.

Matsala ta taso ne da allo ya koma hotuna da maɓallai da tagogi. Maɓallin da mai gani ke kallo ɗigo-ɗigon launi ne kawai, babu harafin da za a ɗebo. Kafin manhajar karanta allo ta ce komai, dole kowane maɓalli ya bayyana sunansa, da aikinsa, da halin da yake ciki, ta wata hanya da aka shimfiɗa a ƙarƙashin abin da ido ke gani. Wannan aiki ne mai cin kuɗi da shekaru, kuma doka ce ta samar da mai biya. A 1998 majalisar Amurka ta ƙarfafa sashe na 508 na dokarta ta kula da naƙasassu, ta wajabta wa hukumomin tarayya sayen kayan fasahar da masu lalura za su iya amfani da su. Kamfanin Sun Microsystems, mai sayar wa gwamnati kwamfutoci, ya rungumi GNOME a 2000 a matsayin fuskar na'urorinsa, ya zuba injiniyoyi suka shimfiɗa hanyar, wadda aka sa wa suna AT-SPI. A kanta aka gina Orca, manhajar karanta allo da ta shiga GNOME a watan Satumba na 2006, wadda har yau ita ce muryar Linux a kwamfutar tebur.

Gonar gwaji

Kafin Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru ta saki sabon irin masara ko na auduga, sai ta shuka shi a gonakin gwaji na wurare daban-daban, ta ga yadda zai yi da ƙasa da ruwa da ƙwari. Irin da aka gwada a fadama kaɗai, ranar da ya hau jigawa ake sanin aibinsa, a gonar talaka.

Haka manhaja take. Kafin a fitar da zubin da jama'a za su ɗora, akwai ɗanyen zubi da ake sabuntawa kusan kullum, inda ake rushewa ana sake gini. Na Debian sunansa Sid, na Fedora Rawhide. 'Yan sa-kai ne ke ɗora su, su ci karo da kurakurai, su kai rahoto. Idan hoto ya karkace a allo, mutum ɗari za su gani cikin yini guda. Idan kuwa murya ce ta ɗauke, mai gani ba zai taɓa sani ba, tunda bai kunna ta ba. Makahon da zai sani kuma, kwamfutarsa ta riga ta zama kurma, ba shi da hanyar rubuta rahoton. Galibi ma kwamfuta ɗaya gare shi, da ita yake neman abinci, ba zai yi kasadar ɗora mata ɗanyen zubi ba. Ta haka kuskuren kan tsallake gonar gwaji ya isa hannun jama'a.

An ga wannan ƙarara daga 2010. A watan Janairu kamfanin Oracle ya kammala sayen Sun, kuma cikin 'yan makonni aka sallami Willie Walker, jagoran aikin Orca. Abin ya zo a mugun lokaci, domin GNOME na shirin zubar da tsohuwar hanyar sadarwa mai suna CORBA, wadda AT-SPI ke tafiya a kanta, ta koma D-Bus. Joanmarie Diggs, wadda ke aikin a matsayin 'yar sa-kai, ta rubuta wa Oracle buɗaɗɗiyar wasiƙa, sannan ta ɗauki nauyin Orca, daga baya kamfanin Igalia na ƙasar Sifen ya ɗauke ta aiki ta ci gaba da shi. Da GNOME 3 ta fito a watan Afrilu na 2011, sabuwar fuskar ta burge masu gani, makafi da yawa kuwa suka tsaya a kan tsohuwar domin sabuwar ba ta karantuwa yadda ya kamata.

Gyaran da ya fi tasiri ya zo a GNOME 3.6, a watan Satumba na 2012, kuma ba wani sabon kayan aiki ba ne. An yanke cewa hanyar nan ta ƙarƙashi za ta riƙa zama a kunne kullum, ga kowa, ko yana buƙata ko ba ya buƙata. Daga nan idan ta jawo tsaiko ko ta kayar da manhaja, injiniya mai gani ma zai ji a jikinsa tun a ɗanyen zubi. A 2013 Debian 7 ta zo da manhajar girkawa mai magana da lasifikar kwamfuta, ta yadda makaho zai girka da kansa ba tare da ɗan jagora ba. Ita kuwa Speakup, ta shiga sashen gwaji na ƙwaryar Linux a ƙarshen 2010, ba ta fita zuwa cikakken mazauni ba sai 2020.

Darasin bai zauna ba. Tsohon tsarin nuna hoto na X11, wanda ya samo asali tun 1987, yana barin kowace manhaja ta saurari duk maɓallin da aka danna. Wannan ɓaraka ce ga tsaro, kuma magajinsa Wayland, da aka fara a 2008, ya toshe ta. Sai dai ta wannan ɓarakar Orca ke jin umarnin mai amfani da ita. Fedora ta koma Wayland a 2016, Orca ta yi shekaru tana aiki rabi da rabi. A watan Nuwamba na 2023 wani asusun gwamnatin Jamus mai tallafa wa buɗaɗɗiyar manhaja ya ba GNOME yuro miliyan ɗaya, wani kaso ya tafi ga wannan fanni, kuma sai a GNOME 48, a watan Maris na 2025, maɓallan umarnin Orca suka samu tsayayyiyar hanya a Wayland. Icen da ba a tanƙwara ba yana ɗanye, ya ci fiye da shekara takwas kafin ya lanƙwasu.

Muryar da ba ta jin Hausa

Raman ya koma Google a 2005, kuma shi da Charles Chen suna cikin waɗanda suka fitar da TalkBack a 2009, zamanin Android 1.6. A 2011 aka ƙara dabarar lalube da yatsa, inda waya ke faɗin sunan abu kafin a buɗe shi. Ta wannan hanya aikin da aka fara a ɗakunan jami'o'in Amurka da Kanada ya iso shagunan waya na Funtuwa.

Amma ya iso da harshen wasu. Muryar da ke kan wayar galibi ta Turanci ce, kuma idan ta ci karo da saƙon Hausa sai ta karanta shi da ƙa'idojin Turanci, ta tauna kalmomin, ta yi tuntuɓe da ɓ da ɗ da ƙ. Gina muryar Hausa yana da wahala ta musamman, domin rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. Gari na mutane da gari na tuwo rubutunsu ɗaya, haka kuka na ido da kuka ta miya. Mai karatu yana rarrabewa daga ma'anar jimla, na'ura kuwa sai an koya mata da sa'o'i masu yawa na tsaftatacciyar murya. Akwai abin da aka tara. Common Voice na Mozilla yana karɓar muryoyin Hausa daga 'yan sa-kai, tarin BibleTTS na 2022 ya ƙunshi Hausa, haka ma aikin da Meta ta saki a 2023 na furuci a harsuna fiye da dubu. Sai dai biyun ƙarshe daga karatun littafin addini aka gina su, kuma harshen karatu daban yake da na saƙon banki ko farashin buhun masara a kasuwar Dandume.

Najeriya ba baƙuwa ba ce ga ilimin makafi. Tun 1953 aka buɗe makarantarsu a Gindiri, kuma a watan Janairu na 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci, wadda ta ba da wa'adin shekara biyar a gyara gine-ginen jama'a. Tarihin Orca ya nuna cewa abin da ya motsa Sun shi ne sharaɗin sayayya, abin da ya tsare aikin daga rushewa kuma shi ne shigar da shi cikin gwajin yau da kullum. Banki ko ma'aikatar da ke ba da kwangilar manhaja tana iya rubuta sharaɗin cewa kowane maɓalli ya kasance da suna, kuma a biya makafi su gwada kowane zubi kafin a karɓa. Maɓallin da aka bari ba suna, abin da TalkBack ke faɗa idan yatsa ya sauka a kansa shi ne ba shi da laƙabi, ko da kuwa shi ne na tura kuɗi. A nan magidancin Matazu zai tsaya, ya kira yaro, ya miƙa masa wayar tare da lambar sirrinsa.