Daga Almakashi Zuwa Wayar Salula: Abin da Tarihin Tace Bidiyo Yake Koya wa Sabon Shiga

Duk wanda ya dawo daga tafiya da bidiyoyi cike da wayarsa, tambayar da yake fara yi ita ce: wace manhaja zan sauke in haɗa su? Idan ya duba intanet sai ya ga sunaye barkatai, CapCut, Premiere, DaVinci Resolve, iMovie, kowace da masu yabonta. Da yawa a nan suke tsayawa, bidiyoyin su shekara a waya har wayar ta lalace ko a sace ta. To amma duk manhajojin nan aiki ɗaya suke yi, kuma aikin ya girmi kwamfuta nesa ba kusa ba. Wanda ya san inda aikin ya faro, zaɓin zai zo masa da sauƙi.

Tun ba a san yanka ba

A watan Disamba na 1895 ne Auguste da Louis Lumière, wa da ƙani, suka nuna fim ga jama'a masu biyan kuɗi a birnin Paris. Kowane fim nasu bai wuce daƙiƙa 50 ba, domin iya tsawon zirin fim ɗin da kyamararsu ke ɗauka ke nan, kimanin mita 17. Ba a daɗe ba suka tura ma'aikatansu ƙasashe. Ɗaya daga cikinsu, Alexandre Promio, ya ɗauki birnin Venice na Italiya daga cikin kwale-kwale a 1896, ya kuma je Masar da Birnin Ƙudus a 1897. Wato bidiyon tafiya yana cikin abubuwan farko da aka yi da kyamara. Sai dai babu tacewa: a kafa kyamara, a murza har ziri ya ƙare, shi ke nan.

Daga baya aka gane ana iya sa almakashi a yanke zirin, a manna shi da wani da gam. Wajen shekarar 1920 wani malamin fim a Rasha, Lev Kuleshov, ya nuna ƙarfin wannan dabara. Ya ɗauki hoton fuskar wani jarumi, ya jera shi da hoton kwanon miya, sannan da akwatin gawa, sannan da wata mace. Fuskar ɗaya ce, amma masu kallo suka riƙa ganin yunwa, ko baƙin ciki, ko sha'awa. A wani gwajin kuma ya haɗa hotunan da aka ɗauka a Mosko da na fadar White House ta Amurka, sai ya zama kamar wuri ɗaya ne. Darasin yana nan har gobe: ma'ana tana fitowa ne daga abin da ka sa kusa da wani. Wannan kuwa aikin kai ne, kowace manhaja za ta iya zartar da shi.

A 1924 Iwan Serrurier, ɗan asalin Holan mazaunin Amurka, ya fito da na'urar Moviola, wadda ta bai wa mai tacewa damar kallon fim yana motsi kafin ya yanka. Akwai wata al'ada ta wancan zamanin da ya kamata mai karatu ya riƙe, don za mu sake haɗuwa da ita: ba a taɓa ainihin fim ɗin da kyamara ta ɗauka. Ana buga kwafi mai araha, a yi ta yanka da mannawa a kansa, sai an gama shawara sannan a yanke na ainihin daidai da shi.

Zamanin tef da wahalarsa

A 1956 kamfanin Ampex ya fito da na'urar ɗaukar bidiyo a tef, kuɗinta dala dubu 50, faɗin tef ɗin inci 2. Matsalar ita ce ba a ganin hoto a jikin tef. Sai an shafa masa wani ruwa mai garin ƙarfe, a leƙa da madubin ƙara girma, sannan a sa reza a yanka. Daga baya aka koma kwafa daga wannan na'ura zuwa waccan, a jere, daga farko zuwa ƙarshe. Idan ka kai minti na 40 ka ga kana son ƙara wani abu a minti na 5, to sai ka sake kwafe duk abin da ya biyo baya. Ga shi kuma duk kwafi sai hoton ya ƙara dushewa. A wannan zamani na kaset ne fina-finan Hausa suka tashi a Kano, da *Turmin Danya* na 1990, kuma duk wanda ya kalli kaset ɗin da aka yi ta kwafa ya san irin dushewar da ake magana.

Kwamfuta ta shigo

A 1971 kamfanonin CBS da Memorex suka haɗa kai suka ƙera CMX 600, na'urar farko da ta ba da damar tsallakawa kowane wuri a bidiyo nan take. Ma'ajiyoyinta sun kai girman injin wanki, hoton baƙi da fari ne mara kyau, kuɗinta kuma kimanin dala dubu 250. Shida kacal aka ƙera. Amma ta kawo tunanin da ake kai har yau. Ba ta yanka komai. Abin da take yi shi ne rubuta jerin umarni: ɗauko daga daƙiƙa kaza zuwa kaza na wannan tef, ka bi shi da kaza na wancan.

Avid ta fito a 1989 a kan kwamfutar Macintosh, Adobe Premiere a 1991. Fim ɗin *The English Patient* na 1996, wanda Walter Murch ya tace da Avid, shi ne na farko da aka tace da kwamfuta da ya ci kyautar Oscar ta tacewa. A 1999 Apple ya saki Final Cut Pro a kan dala 999, da kuma iMovie domin mutanen gida. Windows Movie Maker ya biyo baya a 2000. Shi dai Murch ɗin ya tace *Cold Mountain* na 2003 da Final Cut Pro, manhajar da kowa zai iya saye a shago.

Farashi ya ci gaba da faɗuwa. DaVinci asalinsa na'urar gyaran launi ce ta manyan kamfanonin fim, mai cin dubban ɗaruruwan daloli. Kamfanin Blackmagic Design na Ostireliya ya saye shi a 2009, ya fitar da na kyauta a 2011. Adobe kuma ya bi wata hanya a 2013, ya koma karɓar kuɗin wata-wata. Sai zamanin waya: KineMaster daga Koriya ta Kudu, da CapCut na kamfanin ByteDance, masu TikTok, wanda ya shiga kasuwar duniya a 2020.

To wacce za a zaɓa?

Na farko, fara da na'urar da ke hannunka, kafin ka kalli sunan manhaja. Bidiyon 4K yana da ɗigon hoto sama da miliyan 8 a kowane firem, ninki 4 na 1080p. Bayan haka waya tana matse bidiyo da tsarin H.264 ko H.265, inda ba kowane firem ake ajiyewa cikakke ba, yawancinsu bambancinsu da na kusa da su kawai ake rubutawa. Don haka duk lokacin da ka ja bidiyo baya, sai na'urar ta sake lissafo hoton. Shi ya sa DaVinci Resolve, duk da kyauta ce, take sa tsohuwar laftof ta yi ta sarƙewa. Mai waya kaɗai, CapCut ko InShot ko KineMaster sun ishe shi. Mai iPhone ko Mac yana da iMovie kyauta. Mai Windows 11 yana da Clipchamp, ga kuma Shotcut da Kdenlive waɗanda kyauta ne gaba ɗaya.

Na biyu, idan a kwamfuta za ka yi aiki, duba ko manhajar tana iya yin furoksi, wato ƙaramin kwafi mara nauyi da za ka yi tacewar a kansa, sai lokacin fitarwa ta koma ga na ainihi. Dabarar nan ta masu Moviola ce ta dawo. Premiere, Resolve, Shotcut da Kdenlive duk suna da ita.

Na uku shi ne wanda ya fi jawo asara. Tun daga CMX 600, fayil ɗin aikin tacewa jerin umarni ne kawai, bidiyon yana wani wuri dabam. Idan ka goge bidiyoyin asali don samun fili, ko ka sauya musu folda a kwamfuta, aikin zai iya buɗewa fayau, babu hoto. Manhajoji kuma suna mutuwa. Microsoft ya janye Movie Maker a 2017, kuma lokacin da Apple ya saki Final Cut Pro X a 2011, ba ya buɗe ayyukan da aka yi da wanda ya gada. Saboda haka ka ajiye bidiyoyin asali a wuri biyu, ka kuma fitar da kammalallen aikinka a matsayin MP4. Kada ka dogara da kwafin da ka tura ta WhatsApp, don matse shi ake yi, ingancinsa ya ragu.

Na huɗu, gwada kafin ka zuba lokacinka. Haɗa bidiyo na daƙiƙa 30 ka fitar. Nan za ka ga ko manhajar tana liƙa tambarinta a jikin hoton, ko tana neman kuɗi kafin ta ba ka inganci mai kyau, ko sai da data take aiki. Gara ka gane haka a minti biyar da ka gane bayan kwana uku kana aiki.

Abubuwan da bidiyon tafiya yake buƙata ba su da yawa: yanka, jerawa, daidaita sauti, rubuta sunan gari da kwanan wata. Duk manhajojin da aka ambata suna yin waɗannan. Zaɓi ɗaya wadda na'urarka ke ɗauka ba tare da sarƙewa ba, ka zauna a kanta har ka gama bidiyo uku ko huɗu. Ranar da ka nemi wani abu ka ga ba ta iyawa, to a ranar ne lokacin sauyawa ya yi, kuma a lokacin ka san takamaimai abin da kake nema.