Kaboyin Italiya: Yadda Wankiya Ta Haifi Sabon Salo

Mai karatu, in ka zauna da dattawan Gwarzo ko Kabo waɗanda suka yi samartaka a shekarun 1970, za ka ji labarin yadda ake hawa mota a tafi Kano, a shiga Plaza ko Eldorado don kallon fim ɗin kaboyi. Har yau wasunsu in suka ga yaro mai taurin kai sai su ce masa Jango. Sai dai da yawansu sun ɗauka daga Amurka finafinan suka fito, alhali wasu daga cikin waɗanda suka fi burge su 'yan Italiya ne suka shirya su.

Fim ɗin da ya buɗe wannan ƙofa shi ne A Fistful of Dollars na darakta Sergio Leone, wanda ya fito a 1964. Kuɗin da aka kashe masa bai wuce kimanin dala 200,000 ba. Leone ya so Henry Fonda ya zama jarumi, amma kuɗinsa ya fi ƙarfin furodusoshin. Sai aka ɗauko Clint Eastwood, ɗan wasan wani shirin talbijin mai suna Rawhide, aka biya shi dala 15,000. Lokeshin kuwa, a ƙasar Sifen aka yi, a kusa da Madrid da kuma busasshiyar ƙasar Almeriya. 'Yan wasan daga ƙasashe daban-daban suke, don haka sai bayan an gama ɗauka aka ɗora muryoyi a situdiyo. Saboda tsoron kada 'yan kallo su guje shi, Leone ya sa wa kansa suna Bob Robertson, mai kiɗa Ennio Morricone kuma ya koma Dan Savio.

To, ina aka samo labarin? Wankiya ce tsagwaronta! Baƙon da ya shigo gari ya tarar da gungun 'yan ta'adda biyu, ya riƙa haɗa su faɗa yana cin kuɗin kowa, labarin Yojimbo ne na Akira Kurosawa na Japan, wanda ya fito a 1961. Ba a nemi izini ba. Kamfanin Toho ya kai ƙara, aka sasanta a kan a ba su kashi 15 cikin 100 na cinikin fim ɗin. Rigimar ta jawo bai shiga sinimomin Amurka ba sai a 1967.

Amma duba abin da Leone ya yi da kayan aron. Ya mayar da takobi bindiga, ya kusanto da kyamara har cikin idon ɗan wasa, ya bar shiru da fito da ƙarar bulala su yi aikin da surutu ke yi. Daga nan Sergio Corbucci ya fito da Django a 1966, inda Franco Nero ke jan akwatin gawa da bindiga a ciki.

A wannan shekarar kuma, a nan maƙwabta Nijar, Moustapha Alassane ya yi Le Retour d'un Aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga tafiya da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hana ƙauye sakat. Ka ga shi ma aro ya yi, amma matsalar gida ya nuna.

Mu nan an daɗe ana zargin 'yan fim ɗinmu da wanke finafinan Indiya. Ni dai ban ga laifin aro ba. Laifin shi ne a kwaso har da rawar da rigar, ba izini, ba a kuma ƙara komai ba. Muna da dawakin hawan Sallah, muna da filayen da ke tsakanin Gwarzo da Kabo da rani, muna da labaran 'yan tauri da mafarauta. Sauran a samu daraktan da zai zauna ya yi tunani kafin ya kunna kyamara.