Birnin Sen-Luwi na Senegal da Barazanar Hauhawar Teku

Teku na ƙara tudu saboda ɗumamar yanayi: ruwa yana kumbura idan ya ɗau zafi, ƙanƙarar duwatsu da ta ƙuryoyin duniya kuma tana narkewa. Kwamitin masana yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ƙiyasta cewa tsakanin 1901 da 2018 teku ya ƙaru da kimanin santimita 20. Saurin ƙaruwar ya tashi daga milimita 1.3 a shekara kafin 1971 zuwa milimita 3.7 tsakanin 2006 da 2018.

Halin da birnin yake ciki

Sen-Luwi, wanda Wolof ke kira Ndar, yana bakin kogin Senegal. Wani siririn tudun yashi mai suna Langue de Barbarie ne ya raba kogin da teku, kuma a kansa unguwannin masunta irin su Guet Ndar suke, cike maƙil da jama'a.

A watan Oktoba na 2003, da kogin ya cika yana neman cin garin, hukumomi suka haƙa wata kafa mai faɗin mita 4 a tudun yashin domin ruwa ya malala teku. Garin ya tsira daga ambaliya a wannan shekara, amma igiyar ruwa ta yi ta cin kafar har faɗinta ya kai kilomitoci. Teku ya cinye ƙauyen Doun Baba Dièye, ruwan gishiri ya lalata gonakin lambu na yankin Gandiol, masunta da yawa kuma sun rasa rayukansu wajen ƙetare kafar da kwale-kwale.

A 2017 da 2018 igiyar teku ta rushe gidaje a unguwannin masunta. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 30 domin sake tsugunar da mutane kimanin 10,000 nesa da gaɓa. An kuma gina shingen duwatsu da tallafin Faransa.

Abin da ya kamata hukumomin gari su yi

1. A yi binciken yadda ruwa da yashi ke tafiya kafin a haƙa ko a gina wani abu a gaɓa.
2. A zana taswirar wuraren da ruwa ke ci, a hana sabon gini a cikinsu.
3. A hana ɗibar yashi a gaɓa, a dasa itatuwa masu jure ruwan gishiri domin su riƙe ƙasa.
4. A kafa tsarin gargaɗi ta rediyo da wayar salula, kowace unguwa ta san inda za ta fake.
5. Idan ƙaura ta zama dole, a shawarci jama'a tun farko. Masunci ba ya zama inda babu hanyar zuwa kwale-kwalensa.

Shingen duwatsu yana jinkirta ɓarna ne kawai. Shirin da aka yi tun ruwa bai iso ba ya fi aikin gaggawa sauƙi da araha.