Jin Daɗin Duniya ko Aikin Bishara? Darasi daga Magabatanmu

'Yan'uwa cikin Kristi, mu da ke Barkin Sale da kewayen Minna mun san gardamar da ke tashi in kaka ta yi, an sayar da doya. Wani ya ce a ɗinka wa yara kayan Kirsimeti, a yanka akuya. Wani ya ce rayuka suna hallaka, a kai kuɗin baikon bishara. Bari mu tambayi tarihi.

A Disamba 1893 samari uku suka sauka a Legas: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Kafin 1894 ta ƙare, ciwo ya kashe Gowans a Girku, Kent kuma a Bida, nan kusa da mu. Bingham kaɗai ya koma gida. Sai a 1902 mishan ɗin da muka sani da SIM ya kafa tasha a Patigi, a 1904 kuma a Wushishi. Dokta Andrew Stirrett, wanda ake kira Bature Mai Magani, ya rabu da shagunansa na magani a Toronto, ya yi hidima a ƙasarmu har ya rasu a 1948. Da waɗannan sun zaɓi jin daɗi, da bishara ta yi jinkirin isowa ƙauyukanmu.

Amma tarihin bai tsaya nan ba. Mishan ɗin nan ya gina gidan hutu a Miango kusa da Jos, domin ya gane cewa gajiyayyen ma'aikaci ba ya daɗewa a gona. Yesu da kansa ya janye almajiransa su huta (Markus 6:31), Mai-Wa'azi 3:13 kuma ya nuna ci da sha kyautar Allah ce.

Sa'an nan ku dubi iyayenmu. Masu bisharar EMS, 'yan ƙasa, da hatsin manoma da taron sisin Zumuntar Mata aka aike su. Masu bayarwar ba su daina bikin aure ba, ba su hana yara nama ba. Rabon Ubangiji suka fara cirewa, sa'an nan suka ci sauran da godiya.

Laifin Dimas shi ne ƙaunar duniya ta sa ya yashe Bulus (2 Timoti 4:10). Saboda haka a yanka akuyar, a gayyaci maƙwabci. Amma kafin wuƙa ta sauka, mu tambayi kanmu: mun cire na mai bisharar da ke ƙauye? Ubangiji ya ba mu hikima. Amin.